Akushin Ilu

Shekara biyar muna aiki wuri ɗaya da Ilu, ban taɓa ganin hannunsa a kwano ɗaya da na wani ba. Mu kuwa a ofishinmu na kago, wato jigilar kaya, da ke unguwar Sanyuanli a Guangzhou, bayan kasuwar Canaan, cin abinci taro ne. Da an idar da azahar sai a shimfiɗa kwali a ƙasa, a hauro da shinkafa da naman rago daga shagon Musulmin China da ke ƙasan bene, a juye a babban faranti. Bakano da mutumin Maraɗi da ɗan zangon Kumasi, kowa ya wanke hannu ya sa. Ilu kaɗai zai ɗebi nasa a 'yar roba tun kafin kowa ya taɓa, ya zagaya bayan dilolin kaya, ya ba mu baya.

Ni ne Zayyad, ɗan Fagge, kuma duk wanda ya san ni ya san Allah bai rage ni da baki ba. Ni na laƙaba masa Ci-Kaɗai, sunan kuwa ya bi shi har cikin kasuwa. Na ce rowa ce, na ce ƙyama ce, wata rana ma na ce ko wani boka ne ya gindaya masa sharaɗi. Shi dai sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Idan an tambaye shi garinsu yakan ce, "Can wajen Ningi, ƙauye ne, ba za ku san shi ba." Mu ma ba mu matsa ba, don a Guangzhou kowa da abin da ya baro a gida.

Wajen aiki kuwa ba a haɗa shi da kowa. Ilu da yatsu yake sanin yadi. Ɗan kasuwa zai sauka daga Kano da kuɗinsa da zumuɗinsa, a kai shi Canaan, a baje masa riguna masu ƙyalli, har ya fara lissafin riba a ransa. Sai Ilu ya miƙa hannu ya murza bakin rigar, ya juya ta ya dubi ɗinkin ciki, ya ce wa mai shago, "Lauban, maigida, wannan wanki biyu ne. Kawo na ciki." Mai shago ya ce, "Meyo, meyo," wato babu. Ilu ya juya kamar zai tafi, sai ka ga na cikin ya fito. 'Yan Chinan nan haushinsa suke ji, amma kuma in suna son sanin gaskiyar kayan da masana'anta ta kawo musu, shi suke kira ya taɓa.

Sai dai yana da wasu halaye da suke ba ni abin tsokana. Ba ya hawa matakalar nan mai tafiya da kanta in akwai ta ƙafa. In aka ɗaga waya za a yi hoton taro, sai ya tuna yana da alwalar da zai sake. Kuma duk ranar Laraba, daga la'asar zuwa magariba, zai ɗauki wayarsa ya hau rufin bene shi kaɗai. Na ce wa mutane wata ce ya ɓoye mana a unguwar Tianhe, 'yar jami'a mai gilashi.

Abin da zan faɗa yanzu ban san shi ba a lokacin. Daga baya Ilu ya ba ni labarin, bayan da na riga na yi ɓarnar da na yi.

Ilu haifaffen Mafaka ne. Wani ƙauye ne a bayan duwatsu, tafiyar awa uku a ƙafa daga bakin titi, sai an ƙetare rafi. Kakanninsu ne suka bi wani malami suka yi ƙaura can don su tsere wa zamani. Musulmi ne, suna salla suna azumi kamar kowa, amma ba sa hawa mota ko babur, ba sa kunna lantarki, ba rediyo, ba waya, ba hoto. Abin da suka saƙa da hannunsu shi suke sawa, ɗinkin ma da allura da zare, rigarsu ba maɓalli. Mahaifin Ilu shi ne mai yi musu wa'azi bayan sallar Juma'a, shi kuwa Ilu ɗan fari ne a wurin mahaifiyarsa, Inna Yalwa. Tun yana shekara bakwai aka zaunar da shi gaban masaƙa, a nan yatsunsa suka yi karatun da muke ci da shi a Canaan.

Na ɗauka zai ce mini wani babban abu ne ya fitar da shi, rashin lafiya ko zalunci. Ya ce wallahi babu. Keken ɗinki ne. Yana shekara sha tara aka aike shi kasuwar Laraba ta bakin titi da tsofaffi masu kai zare. Ya ga tela yana taka keke, cikin ƙiftawar ido ya haɗa gefen rigar da shi Ilu yakan kwana huɗu yana yi. Ya tsaya yana kallo har telan ya yi dariya ya ce, "Zo ka gwada, ɗan Mafaka, ba ya cizo." Ya zauna, ya taka. Ya ce mini daɗin da ya ji a ƙafarsa ranar bai sake jin irinsa ba, ko ranar da ya fara hawa jirgin sama.

Wani ya gan shi, labari ya riga shi isa gida. Hukuncin ba mai tsanani ba ne, ranar Juma'a zai tsaya gaban jama'a ya wanke hannu da ƙafa da ruwan toka, ya ce ya tuba, shi ke nan. Da yawa sun yi kafin shi. Amma shi ɗan mai wa'azi ne, ga kuma wata yarinya da yake so za ta kasance a bayan zana tana ji. Kunyar tsayuwar minti biyar ta hana shi. Ranar Alhamis da hantsi ya bi hanyar rafi, bai waiwayo ba.

A Mafaka, wanda ya tafi haka cewa ake yi ya haura. Ba a ambaton sunansa, ba a yi masa magana, kuma in ya dawo da ziyara ba a haɗa hannu da shi a abinci, don an ɗauka hannunsa ya taɓa abin da bai kamata ba. Kowane ɗan gari yana da akushinsa tun daga yaye. Ranar da ya haura, uba zai ɗauki akushin ya kife shi a kan rumbu. Muddin akushin yana nan lafiya, ƙofar dawowa a buɗe take, ya zo ya wanke hannu a buɗe masa shi. In ya tsage, ko uban ya fasa shi, to magana ta ƙare, an yi rashi. Akushi kuwa ice ne, in aka bar shi rana da ruwa ba ya shekara biyu. Saboda haka ragowar aikin na uwa ne, ita za ta riƙa saukewa tana shafa masa man kaɗe tana mayarwa, ba mai ce mata yi, ba mai ce mata bari.

Ilu ya faɗa Kano kamar an jefa kaza cikin kogi. A motar farko da ya hau amai ya yi ta yi har Wudil. A masaukin da ya raɓa, da rediyo ya yi sallama sai ya amsa da ladabi, aka yi wata guda ana ba da labarinsa. Daga ranar ya koyi darasin da ya riƙe shekara goma sha uku: in ba ka san abu ba, yi shiru ka kalli yadda wasu suke yi, kuma kada ka taɓa cewa daga ina kake. Ya yi dako a Kantin Kwari, ya shiga makarantar manya ya koyi karatun boko yana jin nauyin zama da littafin 'yan aji ɗaya. Wani Alhaji Tankari mai shigo da yadi ya lura da yadda ɗan dakon nan yake murza kaya kafin ya ɗauka, ya jawo shi jiki, bayan shekara shida ya turo shi nan ya zama idonsa.

Ranar da aka ɗauke shi hoton fasfo, sau huɗu yana rufe ido, har mai hoton ya fusata. Da aka miƙo masa, ya ce bai ga kansa ba, mahaifinsa ya gani yana kallon sa daga cikin 'yar takarda. Ga shi kuma Allah ya kawo shi garin da ƙofar gida ma sai ta dubi fuskar mutum take buɗewa. Ya iya komai daga baya. Yana biya da waya, yana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya canza layi uku bai ɓata ba, Chinancinsa na kasuwa ya fi nawa. Abu ɗaya ne ya ƙi barin jikinsa. Duk sa'ad da ya miƙa hannu zuwa kwanon jama'a, sai ya ji kamar zai ɓata musu abinci.

Sirrin Laraba kuwa ga shi. A kasuwar nan ta bakin titi akwai wani dattijo, Barmo mai cajin waya. Tun Ilu yana Kano ya aika masa da lambarsa ta hannun wani direba. Inna Yalwa takan zo sayar da zare, sau ɗaya a wata, wani lokaci sau biyu. Sai ta zauna a inuwar rumfar Barmo kamar mai hutawa, ta ba wayar baya. Barmo ya kira lambar, ya buɗe muryar yadda za ta ji, ya ajiye a kan tebur. Ita ba ta taɓa waya ba, ba ta kuma yi magana da wanda ya haura ba, da Barmo take hira. "Barmo, ka ji bana gero ya yi kyau. Barmo, ƙanwar mai akushi ta sauka, an sami namiji." Dama ɗan fari ne, ko yana gida ba za ta kama sunansa ba. Shi kuma Ilu ba ya cewa uffan, don in ya yi magana ta saurara, ta karya doka. Gyaran murya ɗaya yake yi a farko, ta san yana nan. Kafin ta tashi kullum da magana ɗaya take rufewa: "Akushin nan dai yana nan, Barmo. Jiya ma na shafa masa mai." Shekara tara ke nan suna haka, ba ta ji kalma ɗaya daga bakinsa ba.

Hantsin can shi ne bayan la'asar ɗinmu a nan. Shi ya sa yake hawa rufin bene duk Laraba ya jira, ko za ta zo ko ba za ta zo ba, ni kuma ina ƙasa ina ba da labarin 'yar jami'a.

A daminar bara rafi ya cika ya raba Mafaka da titi. Laraba tara a jere Ilu yana hawa yana saukowa ba kira. A ta goma ya gaji da jiran banza, ga shi muna da kwantena da za a rufe washegari, sai ya sa wayarsa caji a kan teburina muka duƙufa ɗaurin kaya. Wajen ƙarfe biyar muka zauna shan shayi, mu bakwai ko takwas.

Moussa, wani ɗan kasuwar Maraɗi da ke sauka a wurinmu, shi ya jawo maganar. Ya miƙo wayarsa yana dariya ya ce, "Ku zo ku ga ikon Allah. Amurka ce fa wannan, wallahi Amurka!" Muka leƙa. Wasu Turawa ne da ake kira Amish, masu dogon gemu da faffaɗar hula, suna tafe a keken doki a gefen titi motoci suna wuce su. Mai bayani yana cewa ba sa amfani da lantarki, kuma wanda ya bar su ba sa ci da shi a teburi ɗaya.

Na ce, "To, Turawa ma ashe suna da nasu. Mu ma ai muna da irin su a gida. Ba ku taɓa jin mutanen Mafaka ba? Na taɓa ganin su a wata kasuwa a hanyar Ningi, riga kamar buhun gishiri, in suka ga babur sai su faɗa gona." Aka yi dariya, dariyar kuwa ita ce giyata. Na waiga na ga Ilu yana kurɓar shayinsa can gefe, na ce, "Kai Ci-Kaɗai, ba wajenku ba ne? Anya kuwa? Ba ka son hoto, ba ka ci da mutane. Jama'a, ku duba mini shi da kyau, ko dai ɗan Mafaka muke zaune da shi?"

Wasa nake yi, Allah ne shaidata. Amma na ga fuskarsa ta canza, sai kuma ya yi wata irin dariya da ban san shi da ita ba. Ya ce, "Ni? Allah ya kiyaye. Maƙwabtanmu ne dai, na san su kamar yunwar cikina. Ku tsaya ku ji yadda malaminsu yake wa'azi."

Ya miƙe ya hau kan wani dila, ya yafa buhun leda a kafaɗa, ya ranƙwafa kamar tsoho. Ya yi tari sau biyu, ya ɗaga yatsa yana karkarwa, ya ja murya: "Ya ku jama'a! Jaki yana numfashi, doki yana numfashi. Wanda ya hau abin da ba ya numfashi, ina zai kai shi? Ina zai kai shi, jama'a?" Muka fashe. Moussa har da faɗuwa daga kujera. Shekara biyar mutumin nan yana bayan diloli, yau ga shi a tsakiya kowa yana tafa masa. Na ga yadda abin ya shige shi, ya kasa tsayawa.

A daidai nan wayarsa ta fara motsi a kan teburina. Na duba na ga an rubuta Barmo Caji. Na ɗauka, wata muryar dattijo ta ce, "Salamu alaikum. Ruwa ya janye, ga mu nan." Ban fahimci komai ba. Abin da ya kamata in yi kowa ya sani, in miƙa wa mai waya wayarsa, ko in ce a sake kira. Amma wasa ya yi daɗi, ba na son a katse. Na ce, "Baba riƙe, yana zuwa," na buɗe muryar na ajiye ta a bakin tebur, taku biyu daga inda yake tsaye. Har na ce a raina, bari shi ma mai kiran ya sha dariya.

Wani ya ce, "Matansu fa?"

Ilu ya ja ledar ya rufe kai, ya juya mana baya, ya siranta murya. "Matan ai su ne abin kallo. In ɗansu ya gudu sai a kife akushinsa a kan rumbu. Ka ga tsohuwa da haƙori biyu tana saukewa tana shafa masa mai kamar jariri." Ya rungumi wata robar shayi yana lailaya ta yana cewa, "Akushin nan dai yana nan, Barmo. Jiya ma na shafa masa mai. Shekara goma ana shafa wa ice mai, shi mai akushin yana birni yana cin kaza, ya manta da su!"

Dariya ta sake tashi. Ni ne dai tawa ta yanke, don sunan da ya ambata yanzu na karanta shi a fuskar waya. Na ce, "Ilu, wani Barmo yana kan layi."

Ban taɓa ganin mutum ya sauko daga wuri kamar yadda ya sauko daga dilan nan ba. Ya ɗauki wayar da hannu biyu, ya dubi mintunan da suka tafi, shida da 'yan kai. Ta cikin wayar ana jin hayaniyar kasuwa daga can, da kukan akuya. Ilu ya yi gyaran muryar nan tasa guda ɗaya, abin tausayi. Sai muka ji muryar tsohuwa, a hankali, ba kuka ba faɗa.

"Barmo, ashe haka muryarsa ta koma. Ta yi kauri, kamar ta babansa." Sannan ta ce, "Bari in kama hanya, kada rana ta yi."

Ba ta ce komai a kan akushi ba. Barmo ya kashe wayar.

Ilu ya tsaya a tsakiyarmu da ledar a kafaɗa. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya faɗa da kansa, idonsa a ƙasa. "Mahaifiyata ce. Mai wa'azin mahaifina ne. Ni ɗan Mafaka ne." Ya cire ledar ya ninke ta da kyau kamar wani abin kirki, ya ajiye, ya fita. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. An ce baki shi ke yanka wuya, amma nawa bakin wuyan wani ya yanka.

Kwana uku ban iya haɗa ido da shi ba. A na huɗu na same shi a rufin bene na ce ya yafe mini. Ya ce, "Kai waya ka buɗe, Zayyad. Bakin nawa ne." A nan ya ba ni duk labarin da na ba ku. Ya ce abin da ya fi ci masa rai, da ya kira Barmo daga baya, ya gaya masa rumfar cike take da masu karɓar waya a ranar, duk sun ji, wasu har sun yi dariya kafin su gane. Tsohuwar ta tattara zarenta ba ta sayar da ko ɗaya ba, ta koma tafiyar awa uku.

Na ce ya koma gida mana, ya wanke hannun nan da toka a wuce wurin. Ya girgiza kai. Ya ce ba zai iya zaman Mafaka ba yanzu, ƙarya zai yi musu in ya ce ya tuba da keken ɗinki, ita ma Inna ta san haka tuntuni. Ba dawowarsa take jira ba. So take dai a ce yana da wurin dawowa.

Laraba ta bi Laraba. Ya ci gaba da hawa bene, ni kuma na daina tsokanar kowa a ofis, har Moussa yana tambaya ko ba ni da lafiya. Barmo ya ce tana zuwa kasuwa, amma ta canza inuwa, can wajen masu daddawa take zama. Ilu ya roƙe shi ya isar mata da ban haƙuri. Barmo ya je ya tsaya kusa da ita ya faɗa wa mai daddawa, yadda za ta ji. Ba ta ɗago ba. Ilu ya rame. Kullum tambayarsa ɗaya ce, ko an fasa akushin, Barmo kuma ya ce shi ba shi da hanyar sani.

Bayan wata biyar Hajiya Balkissa, wata mai sarin mayafai da ke zuwa mana daga Kano, ta sauka da saƙo. Ta ce wani direba ne ya kawo shagonta a Kwari, daga hannun wani Barmo, aka ce lallai hannu da hannu. Ƙunshi ne a cikin farin saƙi, an ɗaure da zaren hannu. Lokacin cin abinci ne, duk muna zaune a bakin faranti. Ilu ya karɓa ya tsuguna a nan gabanmu, bai zagaya bayan diloli ba. Yatsun nan nasa da ba sa kuskure suka yi ta fama da ƙulli ɗaya.

Akushi ne, baƙi wuluk, ɗan madaidaici irin na yaro. Ba tsaga ko ɗaya a jikinsa. Shekara goma sha uku a kan rumbu, rana da ruwa, amma yana sheƙi kamar jiya aka sassaƙa shi, ƙanshin man kaɗe ya cika ofis. Na ce a raina alhamdu lillahi, ba a fasa ba. Har na fara murmushi, sai na ga Ilu bai yi ba.

Ya kira Barmo a take, ya buɗe muryar da kansa, ya ce, "Baba Barmo, ya iso. Ta ce wani abu?"

Barmo ya ce, "Ta zo ta ajiye a teburina, ta ce: Barmo, ka gaya wa mai akushi ba a fasa ba, ban bari an fasa ba. Amma hannuna ya gaji. Tunda yana da mai a inda yake, ya riƙa shafawa da kansa."

Ba wanda ya iya cin abincin ranar.

Ilu yana nan har yanzu. Gobe ma in ka je Canaan za ka same shi yana murza bakin riga yana cewa a kawo na ciki. In baƙo ya tambaye shi garinsu, yanzu kai tsaye yake cewa Mafaka, in an yi dariya ba ya tayawa, ba ya kuma hanawa. Ya daina hawa rufin bene. Ranar Laraba bayan la'asar sai ya sauko da akushin daga saman kabad ɗin ofis, ya zauna ya shafa masa man kaɗen da Hajiya Balkissa take kawo masa, ya mayar. Mun yi mun yi ya sa hannu a farantinmu, har yau a robarsa yake ci, sai dai ya daina ba mu baya.

Abin da ya tsaya mini shi ne yadda yake ajiye akushin. Wata Laraba na kasa haƙuri na ce, "Ilu, nan China ce. Ba rumbu, ba mai wa'azi, ba wanda zai gani. Akushinka ne, ya zo hannunka lafiya. Me zai hana ka buɗe shi ka ci abinci a ciki?"

Ya gama goge gefen da tsumma, ya miƙe, ya ɗora shi a saman kabad a kife, ya daidaita shi da hannu biyu.

Ya ce, "Wancan karon Baba ne ya kife shi, Inna tana da ikon roƙo. Wannan ni na kife shi da bakina. Wa zan roƙa ya buɗe?"